Ƙunshi da Kyautar Hannu a Lokacin Bukukuwa: Wanne Ke Ƙawata Jiki, Wanne Ke Cutarwa?

Su ma maza kada su tsallake wannan shafi, domin sau da yawa su ake aika kasuwa sayen kayan da za mu yi magana a kansu.

An gama girbi, sanyi ya fara shigowa, kowa kuma ya san abin da ke biyo baya: ɗaurin aure, suna, kai amarya. Tun daga 2019 da jama'a suka fara tsallakowa daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, ba a daina aure ba, ba a daina haihuwa ba. A Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, kamar yadda ake yi a gida, mace ba ta son zuwa barka hannu rabbana, amarya kuma ba ta son shiga ɗaki ba ƙunshi. Mu ba mu ɗauki wannan a matsayin almubazzaranci ba. Wanda ya baro gona da gida bai baro mutuncinsa ba. Sai dai idan kuɗi ya yi ƙaranci, mafi arha ake saye, kuma a cikin kayan kwalliya masu arha akwai waɗanda ke kai mutum gadon asibiti. Shi ya sa muka ware wannan shafi.

Jan lalle: yadda yake kama jiki

Lalle na gaskiya ganye ne. A cikinsa akwai wani launi da ke manne wa saman fata da farce, ya zauna har sai fatar ta sake da kanta, abin da kan ɗauki mako 1 zuwa 3. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kauri, shi ya sa suka fi kama lalle fiye da bayan hannu. Launin ba ya fitowa nan take. Idan aka kankare ƙunshi, ruwan lemo za a fara gani, sai ya yi ta duhu har kwana 2 kafin ya kai ja mai zurfi. Ke nan amaryar da za a kai ranar Asabar, a yi mata ƙunshi ranar Laraba ko Alhamis. Yawancin masu cewa lallen yanzu ba ya kamawa, lokaci ne ba su ba shi ba.

A daka busasshen ganye, a tankaɗe sau 2, na biyun da ƙyalle mai laushi idan zanen fulawa za a yi, don kada ya toshe bakin leda. A kwaɓa da ruwan ɗumi ko ruwan shayi mai kauri, a matsa lemun tsami kaɗan, a zuba ɗan sukari. Tsamin yana taimaka wa launin fita daga ganye, sukarin kuma yana hana kwaɓin bushewa ya zube da wuri. A rufe a ajiye a inuwa na wasu awoyi. Lokacin zafi yakan nuna da wuri, lokacin sanyi gara ya kwana. Don a gane ya nuna, a ɗiga kaɗan a tafin hannu, a goge bayan minti 5. Idan ya bar tabo ruwan lemo, ya yi. A bar shi a jiki awa 4 zuwa 6, ko a ɗaure a kwana da shi kamar yadda kakanninmu ke yi da zunguru. Bayan an kankare, a shafa mai, a jinkirta taɓa ruwa gwargwadon iko. Mun san wannan na ƙarshe da wuya ga mai zuwa famfo safe da yamma. A nan ne ƙanne da maƙwabta ke da rana.

Wasu na zuba kananzir ko fetur a kwaɓi wai don ya kama. Kada a yi. Yana ƙona fata, kuma hannun da aka naɗe da leda da tsumma mai kananzir, kusa da murhu ko fitila, ba sai mun faɗi abin da zai iya biyo baya ba.

Baƙin lalle ba lalle ba ne

A nan za mu daɗe, domin nan haɗarin ya fi yawa. Babu bishiyar lalle da ke ba da baƙi. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, yawanci rinin gashi ne mai wani sinadari da ake kira PPD. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta yarda da shi a rinin gashi ne kawai, bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, ba a yarda a yi zane da shi a fata ba. Wanda ake ƙullawa a leda a kasuwa kuwa, ba mai sayarwa ba mai saye, babu wanda ya san ƙarfinsa.

Wata za ta ce: "Ai na sha yi, ban ga komai ba." Gaskiya ne, ba kowa yake kamawa ba, kuma ba lallai a karon farko ba. Jiki ne ke koyon ƙin sinadarin a hankali. Idan ya tashi kamawa karon farko, ƙaiƙayi da kumburi kan fito bayan mako 1 ko 2, lokacin da an manta da biki, har a ɗora laifin a kan sauro ko sammu. Alamar da ba ta ɓuya ita ce ƙurajen suna bin zanen daidai, fulawa a inda aka zana fulawa. Su yi ruwa, su fashe, su bar tabo fari ko baƙi da kan yi watanni, wani lokaci ya zauna. Daga ranar kuma jiki ba ya mantawa. Duk lokacin da aka sake, cikin kwana 1 zuwa 3 zai tashi, ya fi na baya tsanani, har rinin gashi ma ya gagari mutum. Don haka gwada ɗan kaɗan a hannu yau a yi gobe ba kariya ba ne. Gwajin kansa na iya zama mafarin matsalar.

Mafi muni shi ne a haɗiye shi. Likitoci a Sudan, inda aka daɗe ana gauraya wannan rini da lalle, sun rubuta yadda ya kashe mutane, ciki har da yara: wuya da harshe su kumbura har numfashi ya toshe, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ƙoda ta daina aiki. A ɗakin da uwa da yara 5 ke kwana, ina za a ɓoye ƙullin da ya yi kama da garin tsire ko alewa? Gara kada ya shigo ɗakin.

Gane shi ba wuya. Garin lalle kore ne mai ƙamshin busasshiyar ciyawa, kuma yana son awoyi. Duk abin da ya ba da baƙi ƙirin cikin ƙasa da awa 1, ko da an rubuta lalle a jikin kwalinsa, a guje shi.

Masu yin ƙunshi don neman na cefane, mun san abin da za ku ce: baƙin ake nema, ya fi sauri, a wuni ɗaya a yi wa mutum 10. Ba mu raina wannan kuɗi ba. Amma ku ne hannunku ke cikin rinin kullum, ku ne kuka fi kowa kusa da kamuwa, kuma ranar da yatsu suka kumbura sana'ar ta tsaya. A wuri irin namu da kowa ya san kowa, amarya ɗaya da hannunta ya lalace ta isa ta kore miki masu zuwa. Jan lalle da aka tankaɗe da kyau yana zanuwa da bakin leda kamar dayis, ga kuma ƙunshin salatif da ba ya tsufa.

Idan ƙaiƙayi ko zafi ya fara, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a je ɗakin shan magani da ledar ko kwalin abin da aka shafa. Kada a fasa ƙuraje, kada a sa toka, kanwa ko man goge baki. Idan fuska, leɓe ko wuya suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko yaro ya haɗiya, ba a jiran gari ya waye. Kada a tsaya sa shi amai ko ɗura masa manja ko madara. A ɗauke shi a tafi.

Jarirai: ba lalle, ba kwalli

Ko jan lalle na gaskiya bai dace da jariri ba. Akwai wani hali na jini da ake gado, likitoci na kiransa ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga 'ya'ya maza. Mai shi lafiyarsa ƙalau, sai ya haɗu da wasu abubuwa da ke farfasa masa ƙwayoyin jini. Lalle na cikinsu, haka ma farin kafur ɗin da ake sa wa a akwatin tufafi. Fatar jariri ba ta da kauri, kuma ba a gane wannan hali da ido. Idan bayan ƙunshi idon yaro ya yi rawaya, jikinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya yi duhu, ko ya kasa shan nono, a garzaya da shi, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa an sa masa lalle. Ranar suna, maijego ta yi ƙunshinta, a bar jariri da sabuwar rigarsa.

Kwallin dutse, wato tozalin da ake niƙawa a zuba a tandu, galibinsa dutsen dalma ne. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a gaya musu mece ce gubar dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, Allah ya jiƙansu. Waccan daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta fito, ba daga kwalli ba, amma gubar ɗaya ce. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, kullum kaɗan-kaɗan. Ba ta nuna alama da wuri, sai dai ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙarfin karatu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da aka san ba ya cutarwa. Kwalli ba ya ƙara wa jariri gani. Mai ciki ma ta haƙura da shi, domin dalma tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki. Manya kuma kada a yi karo-karon tsinken kwalli a gidan biki. Ta nan apolo ke zagaye gida.

Abin da za a kai barka

Kyautar da ta fi amfani a wannan sanyi ita ce man shafawa. A sami man kaɗanya mudu ko cokali 3, man gyaɗa ko na riɗi 1. A sa man kaɗanyar a ƙaramin kwano, a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke, ba a kan wuta kai tsaye ba, don kada ya ƙone. A tace da ƙyalle mai tsabta, a zuba ɗayan man, a yi ta juyawa yana hucewa har ya yi laushi. Yana maganin kaushi da faso da bushewar leɓe. Na manya a iya ɗiga turare. Na jariri a bar man kaɗanya zalla, kuma kada a shafa a cibiyar da ba ta warke ba. A zuba a kwalba ko gwangwanin da aka wanke ya bushe sarai, ban da duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na feshin gona, komai wankin da aka yi masa. Kada kuma a gauraya shi da man bilicin na kasuwa. Da yawansu na ɗauke da zaiba ko magunguna masu ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri, ciwo ya ƙi warkewa.

Guntayen yadi da tela ke zubarwa suna zama hular jariri, jakar allo da littafi, ko 'yar tsana. Ta ƙaramin yaro a ɗinka mata ido da zare. Maɓalli da duwatsun ado na tsinkewa su shaƙe shi. Gidan sauro da tamfol ɗin rufi kuwa ba kayan saƙa ba ne. Mun ga an yanka gidan sauro an yi soson wanka da igiya, damina ta dawo yara na kwana a buɗe.

Masu haɗa turaren wuta su yi suyarsa a waje, nesa da zana da tamfol, a sauke tukunya daga wuta kafin a zuba turaren ruwa, domin yana kamawa kamar fetur. Kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Garwashi na fitar da iska marar wari da ke kashe mai barci bai farka ba.

Ga masu iya saƙa, wannan ƙasa ce ta kaba, har kwarin Gulbin Kaba da ita aka sa masa suna. Faifai, mafici da tabarma ba sa rasa mai so, kuma karan dafi na ba su jan launi ba tare da an sayi rini ba. Sai dai kabar da ke cikin gona tana da mai ita, kuma matan garin da suka karɓe mu da ita suke cin abinci tun kafin mu zo. A nemi izinin mai gona ko a bi ta hannun mai gari kafin a yanka, a ɗebi ganye a bar zuciyar don ta sake tohowa. A tafi a ƙungiya, da rana, a sanar da na gida inda aka nufa, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi.