Ɓata Suna a Idon Doka: Hukuncin Mai Ƙirƙira da Mai Yaɗawa

Ɓata suna, a wurin kotu, shi ne a jingina wa mutum maganar da za ta zubar masa da mutunci a idon jama'a, sannan a isar da ita ga wani. Isarwar ita ce ginshiƙi. Wanda aka kira ɓarawo a ɗaki, daga shi sai mai faɗa, an zage shi ne kawai. Da zarar kunne na uku ya ji, magana ta canja.

A Arewacin Najeriya, dokar Final Kod ta 1960 ta bayyana laifin a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Wanda aka ɓata yana iya shigar da ƙara da kansa ya nemi diyya. A jihohin da suka koma ga Shari'a daga shekarar 2000 akwai kuma ƙazafi, wato jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba, haddinsa bulala 80.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne batun mai yaɗawa. Za a turo saƙon murya a guruf ɗin WhatsApp na unguwa cewa mahaucin bakin kasuwa mushe yake sayarwa, ko yarinyar da saura mako guda a ɗaura wa aure an gan ta a otal. Kafin la'asar saƙon ya zaga gari, kuma duk wanda ya tura ya liƙa masa "an ce" ko "ni ma turo min aka yi", yana ganin ya wanke hannu. Doka ba ta san wannan uzuri ba. Duk maimaitawa sabuwar isarwa ce, mai ita kuma zai amsa da kansa ko da ba a gano tushen maganar ba. Wanda ya ɗebo garwashi a murhun wani ya jefa a dangar maƙwabci, ba za a saurare shi ba in ya ce ba shi ya hura wutar ba. Abin takaici, mahaucin zai iya cin nasara a kotu, amma masu saye ba su cika dawowa ba.

"Ai gaskiya na faɗa" ma ba koyaushe take fid da mutum ba. A ƙarar neman diyya, gaskiya cikakkiyar kariya ce, sai dai nauyin tabbatar da ita na kan mai faɗa. A Final Kod kuwa, sai an nuna cewa bayyana ta na da amfani ga al'umma.

Sai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda sashenta na 24 ya zama sandar kama ’yan jarida da matasa masu sukar shugabanni a Facebook. Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashen ya tauye ’yancin faɗin albarkacin baki, aka kuma yi masa kwaskwarima a 2024. Duk da haka ƙorafin mai mulki yakan kai mutum bayan kanta cikin kwana ɗaya, na talaka kuwa sai a ce masa ya je ya yi haƙuri. Gana ta soke ɗauri kan ɓata suna tun 2001, jihar Legas ta cire shi daga dokar laifukanta a 2011, ita kuwa Nijar, bayan ta janye ɗaurin daga dokar intanet ɗinta a 2022, ta maido da shi a 2024.