Ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka: Takardar maki ake fara dubawa kafin tsawon yaro

Duk wanda ya san garuruwanmu na arewa, tun daga Anu Araren inda kamfanin SONICHAR yake haƙo kwal yana ba yankin wutar lantarki, har zuwa Arlit da Akokan, ya san cewa ƙwallon ƙafa ce ke da farin jini, domin kuwa ƙungiyoyin Urana da Akokana sun daɗe suna fitar da sunan Arlit a gasar ƙasa. To amma tun da wayar hannu ta kawo wasannin NBA cikin aljihun kowane yaro, ƙwallon kwando ta samu nata masoyan, kuma tambayar da iyaye suke yawan yi mana a gidan rediyo ita ce: yaro ya yi tsawo, ya iya jefa ƙwallo, ga wani ya ce zai samo masa makaranta a Amurka, shin a sayar da abin da ake da shi a biya? Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu shimfiɗa wa masu karatu yadda abin yake.

Hukumar da ke kula da wasannin manyan jami'o'in Amurka ita ce NCAA, kuma tana da ofishi na musamman wanda aikinsa shi ne tantance ko sabon ɗalibi ya cancanci ya yi wasa. Wannan ofishi ba ya kallon bidiyon wasa, takardu yake karantawa. Ga mai son shiga rukuni na ɗaya, inda jami'o'i fiye da 350 suke, ana bukatar ya kammala sakandare da darussa 16 na tushe, kowanne na tsawon shekara guda: 4 na Ingilishi ko harshen ƙasar ɗalibin da ya fito daga waje, 3 na lissafi, 2 na kimiyya, 2 na fannin tarihi da zamantakewa, sauran 5 kuma ƙari ne daga waɗannan fannoni ko makamantansu irin su harshen waje da falsafa. Tun daga shekarar 2016 ana son matsakaicin maki ya kai 2.3 bisa 4 a waɗannan darussa, rukuni na biyu kuma yana neman 2.2. A watan Janairun 2023 hukumar ta janye sharaɗin jarrabawar SAT da ACT, abin da ya sa nauyin gaba ɗaya ya koma kan makin da yaro ya samu a aji. Ko da yake ita jami'ar da za ta ɗauke shi tana da nata sharuɗɗan daban, musamman na iya Ingilishi.

Idan aka duba da kyau, ɗalibinmu da ya bi kwaleji da lise har ya samu BAC, ko ta fannin A ce ko C ko D, ya ratsa kusan dukkan waɗannan fannoni. Matsalar ba ta rashin darussa ba ce, ta lokaci ce da ta takardu. Hukumar tana fara ƙidaya ne daga aji na tara a lissafin shekarun karatu, wanda a wurinmu ya faɗo cikin shekarun kwaleji, tun kafin BEPC, lokacin da yawancin yara ba su ma san da wata NCAA ba. Daga nan takan duba tsarin karatun ƙasar yaro ta tsayar da shekarar da ya kamata ya kammala sakandare. Idan ya maimaita aji, wannan shekara ba ta matsawa, kuma mun san yadda maimaita aji ya zama ruwan dare a makarantunmu, wani lokaci ma ba laifin yaron ba ne, watanni ne aka shafe babu malamin lissafi. Wanda ya gama a kan kari darasi ɗaya tak aka yarda ya cike bayan kammalawa. Haka kuma ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce, shekara ɗaya ake ba ɗan wasa bayan sakandare, idan ya wuce ta yana buga gasa a ƙungiya bai shiga jami'a ba, sai a rage masa shekarun wasa.

Sai batun takardu, wanda a ganinmu shi ne ya fi shafar mutanen wannan yanki. Ana bukatar takardar makin kowace shekara daga kowace makarantar da yaro ya zauna, da Faransancinta na asali, tare da fassarar Ingilishi layi bi layi, da shaidar kammalawa. Da aka rufe mahaƙar COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki ban da na ƴan kwangila, iyalai da dama suka bar Akokan zuwa Agadas, Tawa, Maraɗi da Yamai, yara suka sauya makaranta a tsakiyar karatu. Uba nawa ne ya tsaya karɓar takardun makin ɗansa na aji biyu ko uku da suka wuce alhali yana ɗaure kaya? Ga kuma ɗabi'ar nan ta rage wa yaro shekaru a takardar haihuwa don ya shiga gasar ƙanana. Ranar da aka jera fasfo da takardar BEPC aka ga ranar haihuwa biyu, magana ta ƙare.

A nan ne dillalai suke shigowa da zancen makarantun share fage, wato makarantun sakandare masu zaman kansu, galibi na kwana, inda ɗan wasa yake yin shekara ɗaya zuwa uku yana koyon Ingilishi, yana cike darussa, masu horar da jami'o'i kuma suna zuwa kallonsa. Hanya ce ta gaskiya, ba mu musa ba. Gorgui Dieng na Senegal ya tashi daga makarantar SEED da ke Thiès, ya yi shekara guda a Huntington Prep a jihar West Virginia, ya shiga jami'ar Louisville a 2010, ya kai NBA a 2013. Amma shi ma da farko hukumar ta hana shi wasa, sai da jami'ar ta ɗaukaka ƙara aka sake shi. Joel Embiid na Kamaru ya bi ta Montverde da Rock School a jihar Florida kafin ya isa Kansas a 2013.

Sai dai ba kowace makaranta ce hukumar ta amince da darussanta ba, kuma a nan ne kaza take kwana kan dami. Cheick Diallo, ɗan garin Kayes na ƙasar Mali, ya tafi Amurka a 2012 yana da shekara 15, ya shiga makarantar Our Savior New American a jihar New York. A 2015 shi aka zaɓa gwarzon wasan da ke haɗa fitattun ɗaliban sakandare na Amurka baki ɗaya. Duk da haka da ya isa Kansas sai ya zauna a benci, ana binciken darussan makarantarsa da alaƙarsa da wanda ya kai shi, ba a sake shi ba sai ƙarshen Nuwamba, ya rasa wasanni 5 na farko. A wannan shekarar dai Tacko Fall na Senegal, mai tsawon mita 2.29, yaro mai ƙoƙari a aji, ya ji cewa darussa 7 da rabi kawai hukumar ta karɓa daga cikin nasa, saboda shakkun da take yi a kan makarantar da ya gama a Florida. Shi ma sai da aka nema masa sassauci na musamman. Waɗannan fa yara ne da manyan jami'o'i da lauyoyi suka tsaya musu. Yaron Arlit da babu wanda ya san sunansa, wa zai ɗaukaka masa ƙara?

Akwai ma abin da ya fi haka muni. A 2019 wata kotu a jihar North Carolina ta ɗaure Evelyn Mack wata 18 a gidan kaso. Matar tana da wata ƙaramar makaranta a birnin Charlotte, tana karɓar kuɗi tana ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, ga yara baƙi kimanin 75, da yawansu ƴan wasa daga Afirka, alhali ba a makarantarta suke karatu ba. Masu horarwa da dillalai ne suka rarraba su wurare daban-daban. Saboda haka duk wanda ya zo wa iyaye da sunan wata makaranta, a tambaye shi ko tana cikin jerin makarantun da NCAA ta amince da darussansu, domin jerin yana nan a intanet kowa na iya dubawa, a kuma tambaye shi wa zai riƙe fasfon yaro da kuma gidan da zai kwana.

Wanda makinsa bai kai ba yana iya bi ta kwalejojin shekara biyu, ya kammala sannan ya nemi babbar jami'a. A nan nahiyar kuma NBA ta buɗe makarantarta a Senegal a 2017, inda ake haɗa karatu da horo, daga can Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya tafi jami'ar Duke a 2024. Mu ma muna da namu misalin, Abdoulaye Harouna ɗan Yamai, wanda ya buga wa jami'ar Miami ta jihar Ohio, ya dawo ya buga gasar BAL ta Afirka a 2021 da ƙungiyar FAP ta Kamaru. Abin takaicin shi ne masu neman ƴan wasa a Yamai suke tsayawa, mu kuma tsakaninmu da Yamai tafiyar kusan kilomita 1,200 ce.

Wajibi ne kuma mu faɗi wata magana da dillalai ba sa son a ji. A watan Disamban 2025 gwamnatin Amurka ta saka Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, cikin ƙasashen da ta dakatar da ba ƴan ƙasarsu biza, har da ta ɗalibai, daga ranar 1 ga Janairun 2026. Don haka duk wanda ya ce a kawo kuɗin biza, a fara bincikar ko an ɗage wannan mataki kafin a miƙa masa ko dala. Irin waɗannan matakai na siyasa sukan sauya, yaron da yake ajin farko na kwaleji a yau kuwa yana da shekara 7 a gabansa kafin BAC. Abin da ke hannun iyayensa a yanzu shi ne su je makaranta a ƙarshen kowane zango su karɓi takardar maki mai hatimi da sa hannun shugaban makaranta, su ɗauki hotonta da waya, su adana ta asalin wuri ɗaya da takardar haihuwa. Waɗanda suka bar Akokan kuma su aika wa wani ɗan'uwa da ya rage a can ya karɓo musu na shekarun baya, tun malaman da suka san yaran suna nan.