Mota Mai Caji: Ga Wa Take Da Riba?

(Kiɗan buɗe shiri, sai ya lafa a hankali)

  Yau maganar mota muka ɗauko muku, motar da ba ta shan mai, ba ta da salansa, wadda ake jona wa wuta kamar wayar hannu. Tambayar ita ce wadda duk mai saye yake yi kafin ya sa hannu a aljihu: kuɗin da zan zuba, za su dawo? In kuma sun dawo wa mai motar, sauran jama'a fa, riba suka ci ko asara?

Shekaru kaɗan baya, da wuya ka ji ana wannan hira a tashar mota. Abin da ya kawo ta bakin direbobi shi ne ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Ma'aikata da dama suka ajiye motocinsu a gida suka koma hawan Adaidaita Sahu. Tun daga nan duk abin hawan da aka ce ba ya buƙatar gidan mai, sai kunnuwa su miƙe.

A wasu ƙasashen an riga an yi nisa. A shekarar 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, wato a cikin kowace sabuwar mota biyar akwai aƙalla ɗaya. A China kusan rabin sababbin motoci ne, a Norway kuwa kusan tara cikin goma. Babban dalili shi ne batir ya yi araha: daga 2010 zuwa yanzu farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Amma mutumin Norway yana da wuta dare da rana daga madatsun ruwa, gwamnatinsa kuma ta yi shekaru tana yafe masa haraji mai nauyi. Lissafinsa daban, namu daban, don haka bari mu yi namu.

(Ɗan kiɗa)

Mai sauraro, in da takarda da biro kusa, ka jawo. Ƙaramar motar fetur takan sha wajen lita 8 a tafiyar kilomita 100. Domin sauƙin lissafi mu sa lita a naira 1,000, ka ga naira 8,000 ke nan. Motar lantarki mai girman haka takan ci wajen yunit 17 na wuta, irin yunit ɗin da ake saye a sa wa mita. A unguwannin da ake kira Band A, inda aka yi alkawarin wuta ta awa 20 a rana, yunit ya tashi zuwa naira 225 a Afrilun 2024, daga baya aka ɗan sassauta zuwa wajen 210. Yunit 17 ya kama naira 3,600. An rage fiye da rabi. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu canjin filogi, birki ma yakan daɗe bai cinye ba, domin injin da kansa yake taimakawa wajen rage gudu, yana mayar da ɗan cajin cikin batir.

To amma wannan naira 4,400 da aka tsira da ita, sai an yi tafiyar kilomita 100 ake samunta. Ma'aikacin da ke zuwa ofis, ya kai yara makaranta, ya biya kasuwa, a ce yana yin kilomita 30 a rana, abin da zai tara a shekara bai kai rabin miliyan ba. Sabuwar motar lantarki kuwa gomman miliyoyi ake magana, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Yawancinmu ma ba sabuwar mota muke saye ba, 'yar Kwatano ce ko ta hannu. A ce bambancin da ke tsakanin motar da zai iya saye da ta lantarkin ya kai miliyan 15, sai ya shekara talatin kafin kuɗinsa su fito, batirin kuwa garantinsa yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Wannan bawan Allah, a ganina, bai kamata a ruɗe shi ba. A halin da ake ciki motar ba za ta fitar da shi ba.

Yanzu mu juyo kan direban tasi da ke yin kilomita 200 a rana. Shi kullum kusan naira 9,000 ce za ta rage a aljihunsa, a shekara ya doshi miliyan biyu da rabi ko fiye. Haka mai Adaidaita Sahu da ke fita tun asuba, wanda kafin ya haɗa balas ɗin mai keke sai ya fara haɗa kuɗin mai. Haka ɗan acaɓa, haka bas ɗin cikin gari da ke bin hanya ɗaya tana dawowa tasha ɗaya ta kwana. Fasaha ɗaya ce, amma wanda tayarsa ba ta hutawa shi ne yake cin moriyarta. Nan ne zuciyar maganar take, kuma nan ne nake ganin ake yawan kuskure, domin da an ce motar lantarki sai hankali ya tafi kan Tesla a ƙofar gidan attajiri.

Ƙasashen da suka gane haka, ta ƙasa suka faro. A Kigali, babban birnin Ruwanda, ɗan acaɓa ba ya zaman jiran caji. Yakan je rumfar kamfani irin Ampersand ko Spiro, a cire masa batirin da ya ƙare a sa masa cikakke cikin 'yan mintoci, ya biya ya wuce. Batirin na kamfani ne, saboda haka tsadarsa da lalacewarsa ba a wuyan direba suke ba. Daga Janairun 2025 ma birnin ya daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista. Habasha ta fi kowa zafi: a farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur ko dizal, saboda kuɗin waje da take ƙonawa wajen sayo mai, alhali ga babbar madatsarta a kan kogin Nilu mai ƙarfin megawat sama da 5,000.

(Ɗan kiɗa)

Na san akwai mai sauraron da tun ɗazu yake cewa a ransa, to wace wutar? Gaskiyarka, malam. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke kai wuta Arewa ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma sun ɗanɗana a 2023, da aka katse musu wutar da ke zuwa daga Najeriya bayan juyin mulki.

Wanda kuwa ya ce zai yi caji da janareta, ya sake lissafi. Ƙaramin janareta yakan sha kusan rabin lita kafin ya ba da yunit ɗaya. Yunit 17 ke nan zai ci lita 8 zuwa 9, daidai da abin da motar fetur za ta sha ko ma fiye. An sayi mota mai tsada, an ƙona man da ake gudu, hayaƙin kuma ya dawo tsakar gida inda yara ke wasa.

Abin sha'awa, garin da ya fi kowa shan wahalar wuta shi ne ya fara nuna hanya. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun da ke kawo wuta Maiduguri daga Damaturu, garin ya daɗe a yanke. A nan ne wani matashi, Mustapha Gajibo, ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir da farantan sola, suna ɗaukar fasinja a farashi mai sauƙi. A Disambar 2023 kuma gwamnatin jihar ƙarƙashin Gwamna Babagana Zulum ta ƙaddamar da tasi da bas masu lantarki domin zirga-zirgar cikin gari. Kafin nan, a 2021, an buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan asalin jihar da ya yi suna da zanen motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa. Ranar da ke gasa mu a watan Afrilu, ita ce man da Allah ya hore mana kyauta, sai dai farantan da za su tare ta da kuɗi ake saye, kuma rumfar caji guda da za ta ciyar da keke hamsin ta fi sauƙin kafawa a kan a ce kowane gida ya yi tasa.

Zafin nan kuma yana da wani gefen. Batir ba ya shiri da shi. Tsofaffin Nissan Leaf, waɗanda batirinsu ba shi da ruwan sanyaya, sun yi saurin rauni a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi yake kama da namu. Irin waɗannan motoci ne za su fara cika jiragen ruwa zuwa Afirka idan Turawa sun gama da su. Duk wanda aka kawo wa motar lantarki ta hannu, kada fenti da kujeru su ɗauke masa hankali. Ya sa a auna masa lafiyar batir da na'ura, ya ga kashi nawa ya rage, domin batirin shi ne kaso mafi tsada a jikin motar.

(Ɗan kiɗa)

Mu zo ga al'umma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson Kantin Kwari ko Ƙofar Ruwa da yamma a lokacin hunturu, ƙura ta haɗu da hayaƙi, ya san abin da ƙirji ke ji. Mai tallar da ke bakin titi, ɗan sandan da ke ba da hannu, jaririn da ke goye a bayan uwarsa cikin keke, su ne ke shaƙar mafi yawa, kuma ba su mallaki mota ba. Keke mai caji yana ɗauke musu wannan nan take. Gaskiya ne ƙera motar lantarki ya fi fitar da iska mai ɗumama duniya, musamman wajen haɗa batir, amma bayan shekara ɗaya zuwa biyu ana hawa takan biya wannan bashin, balle a ƙasar da wutarta daga iskar gas take da madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, ba daga kwal ba.

Sai dai akwai waɗanda ke biyan wani farashi da ba ya cikin rasit. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobalt na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma an daɗe ana ganin yara a ramukan haƙa na yankin Kolwezi. Ba sai mun je nesa ba ma. A jihar Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam a 2024, a ƙarshen wannan shekarar 'yan jarida suka nuna yara ƙanana suna tsince duwatsun litiyam a haramtattun ramuka, ba makaranta, kuɗin da ake ba su kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan abu yana ci mini rai. Ba zai yiwu a tsabtace iskar wani birni da huhun ɗan talakan ƙauye ba. Akwai ɗan sauƙi ta fuskar kobalt, domin batiran da kamfanoni irin BYD ke yawan amfani da su yanzu ba sa buƙatarsa. Litiyam kuwa ba makawa, kuma tunda a ƙasarmu ake haƙa shi, hana yara shiga ramin aikin hukumominmu ne, ba na kowa ba.

Akwai kuma maganar adalci wajen rabon tallafi. A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki. Mataki ne mai kyau, amma wanda ya fi cin gajiyar irin wannan rangwame shi ne mai halin sayen sabuwar mota. Da ni ake tambaya, kowace naira ta gwamnati da za ta shiga wannan harka, bas da keke da babur za ta fara bi, da rumfunan musayar batir masu sola a tashoshi da kasuwanni, da bashi mai sauƙi ga ƙungiyoyin direbobi, yadda mutum zai riƙa biya daga abin da ya rage masa na kuɗin mai.

Sannan a tuna da gareji. Dubban iyalai ne ke ci daga gyaran inji, wankin kafireta, facin lagireto, walda ta salansa da sayar da baƙin mai, kuma motar lantarki ba ta buƙatar mafi yawan waɗannan. Canjin ba zai zo dare ɗaya ba, motocin fetur za su daɗe a titunanmu. Amma yaron da aka kai gareji bana yana ɗan shekara goma sha biyar, aikin da zai tarar idan ya zama maigidan kansa ba irin na ubangidansa ba ne. Masu rewaya su ne suka fi kusa da wannan sabuwar sana'a, sai dai sun saba da batir mai bolt 12, na motar lantarki kuwa yakan kai 400, wanda kuskure ɗaya ya isa ya yi kisa. Kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin kanikawa suna da aikin koyar da su tun yanzu, da safar hannu da na'urorin awo na gaske. Haka nan har yau ba mu da tsayayyen tsarin karɓar mataccen batir, kuma batirin litiyam idan aka fasa shi da guduma a wurin 'yan gwangwan, wuta yake kamawa wadda ruwan bokiti ba ya kashewa.

Masu sauraro, a nan za mu dakata.  

(Kiɗan rufe shiri)