Kafin alat ya shigo

A kasuwar Mashi, kan hanyar Katsina zuwa Daura, ciniki ba ya ƙarewa da "na sallama" kamar da. Sai waya ta yi ƙara. Wata ranar kasuwa na tsaya kusa da wani dattijo mai gero, an daidaita a kan buhu biyu, mai saye ya daddanna wayarsa ya miƙa ta gaba: "Ga shi, sun fita daga wajena." Dattijon ko kallo bai yi ba. "Alhaji, ni dai ban ga alat ba." Ɗan dako ya jingina da baronsa, kowa ya zuba wa ƙaramar wayar dattijon ido kamar masu duban watan Sallah.

A 'yan daƙiƙun nan hannuwa da yawa ne ke miƙa wa juna kuɗin. Kamfanin waya ya ɗauki saƙon. Bankin mai saye ya duba lambar sirri da abin da ke asusu, ya nemi a tabbatar masa da sunan wanda za a tura wa. Daga nan sai NIBSS, cibiyar da Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka mallaka, wadda tun 2011 take haɗa bankuna don kuɗi su isa nan take. Bankin mai gero ya karɓa ya rubuta. Saƙon da ke sa waya ƙara kuwa wata manhaja ce dabam ke aiko shi, shi ya sa sau da yawa kuɗi sun daɗe da sauka amma alat na can maƙale a hanya.

Masana kwamfuta suna ce wa wannan salo gina manhaja bisa hidimomi: kowane sashe da aikinsa guda, yana magana da sauran bisa ƙa'idar da aka amince da ita. Ɗan kasuwa ba zai ga baƙon abu a nan ba, don da dillali da ma'auni da ɗan dako da mai mota, ba wanda ke yin aikin wani, amma buhu yana isa gida. Amfanin salon shi ne ana iya sauya sashe ɗaya ba tare da rushe ginin ba, kuma baƙo na iya shigowa ya hau hanyar da aka riga aka share. Ta haka OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga, har na'urar POS ta kai gindin bishiya a ƙauyukan da ba su taɓa ganin reshen banki ba.

Sai dai hannu da yawa, idan ɗaya ya sage, kaya a ƙasa suke. Mun gani a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta ɓace, jama'a suka afka wa taransifa gaba ɗaya, manhajojin bankuna da dama suka durƙushe, har Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, sai ga wanda bai taɓa ganin teku ba yana fama da "ba sabis".

A irin waɗannan ranaku ake gane manhajar da ta iya tafiya da yanayi. Idan cunkoso ya ƙaru ta ƙaro wa kanta na'urori, idan hanya ta toshe ta bi wata, idan sabis ya yi rauni ta rage nauyin abin da take aikawa, ta adana saƙo har layi ya dawo. Lambobin nan masu farawa da tauraro, irin su *737# da *894#, dabara ce ta wannan gida: ba sa buƙatar data, kuma suna aiki a waya mai madannai.

To amma ni ina ganin rabin aikin aka yi. An koya wa manhaja jure raunin sabis, ba a koya mata jure mutum ba. Galibin zaɓuɓɓukan da Turanci suke, kuma idan ka ɗan yi jinkiri layi ya katse, sai ka koma farko. Dattijon da ke karanta ajami tiryan-tiryan ya zama jahili a gaban wayarsa, dole ya miƙa ta ga yaro haɗe da lambar sirri. Alhali mutanen nan sun nuna abin da ya dace da su: dubi yadda suke zuba saƙon murya a WhatsApp, da farashi da bashi da gaisuwar suna duk a ciki.

Kuma riba ba sai da sabon yayi ba. Jenny Aker, wadda ta koyar a Jami'ar Tufts a Amurka, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar, nan bayan gidanmu, daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa zuwan wayar salula ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Kira ne kawai, ɗan kasuwa ya ji yadda ake sayar da gero a Maraɗi kafin ya yi lodi.

Mai sayen geron nan dai haƙurinsa ya ƙare, don motar garinsu ta kusa cika. Ya je wurin mai POS ya ciro tsaba, ya biya ladan cirewa, ya ƙirga wa dattijon. Bayan la'asar ina shan ruwa a rumfar da ke kusa sai ƙaramar wayar ta yi ƙara. Dattijon ya miƙa wa ɗansa ya duba, ya yi shiru, sannan ya shiga tambayar maƙwabta ko akwai wanda ya san garin Alhajin da ya biya shi sau biyu.