Ƙasa ma tana da ɗanɗano: abubuwan da ya kamata ka sani, daga tudun inabin Faransa zuwa fadamun Gagare da Bunsuru

Ka tsaya kusa da dillalin albasa a kasuwar Shinkafi ka saurara. Kafin ya taya buhu, sai ya tambaya: "Ta ina ce?" Bai tsaya a kan girma ko launi ba. Sunan fadamar da aka haƙo ta ne zai gaya masa ko za ta yi wata huɗu a ajiye, ko kuwa za ta fara ruɓewa tun mota ba ta wuce Gusau ba. Wannan tambaya ta dillali ita ce Faransawa suka mayar doka, suka yi mata taswira, suna cin arzikinta har yau.

Gonar da ba ta kai hekta biyu ba

A yankin Burgundi na gabashin Faransa akwai wani dogon gangaren tudu da ya fuskanci mafitar rana. A tsakiyarsa akwai gonar inabi mai suna Romanée-Conti, faɗinta hekta 1.8 kacal. A shekarar 2018 an yi gwanjon kwalba guda ta jar giyar wannan gona, ta shekarar 1945, a birnin New York kan dala 558,000. Ka gangara ƙasan tudun, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa, irin inabin ɗaya ne, amma kuɗin kwalbar bai kai a haɗa su a baki ɗaya ba.

Giya haramun ce a wajen Musulmi, kuma Zamfara ce jihar da ta fara aiwatar da shari'a a shekarar 2000, don haka ba kwalbar ce ta dame mu ba. Abin dubawa shi ne dalilin da ya sa taku ɗari tsakanin gona da gona ke canza amfanin da ke fitowa.

A saman tudun ƙasa ba ta da kauri, iska ta yi yawa, inabi na wahalar nuna. A gindinsa laka ta taru, ruwa na kwanciya, itacen ya yi ta ganye, 'ya'yan su cika da ruwa su yi lami. Sanyin dare ma gangarowa yake yi kamar ruwa ya taru a kwari. A watan Afrilun 2021 manoman Faransa sun kwana suna kunna wuta a tsakanin kunyoyi don kada jaura ta ƙone tohon. Tsakiyar gangaren ce ta dace: tsakuwar farar ƙasa na tsane ruwa da wuri, 'yar lakar da ke gauraye da ita na riƙe daidai abin da saiwa ke buƙata, hantsi kuma na busar da raɓa. Itacen da ya ɗan ji ƙishi kan yi ƙananan 'ya'ya, ɓawo ya rinjayi ruwa, a ɓawon kuwa launi da ƙamshi da bauri suke.

Malaman coci da suka noma waɗannan tuddai tun ƙarni na 12 su suka fara lura da bambancin, suna kewaye gonaki da katangar dutse. A 1935 Faransa ta kafa dokar kare sunan wuri, a 2015 kuma UNESCO ta sa gonakin, su 1,247, cikin kayan tarihin duniya, kowace da sunanta.

Wani kuskure da ya yaɗu

Masu talla kan ce ana jin ɗanɗanon dutse a cikin abin da aka shuka a kan dutse. Saiwa ba ta tauna tsakuwa ta aika wa 'ya'ya. Babban aikin ƙasa shi ne sarrafa ruwa da zafi: nawa za ta riƙe, yaushe za ta saki, yaya saiwa za ta numfasa. Sinadaran da ke taɓa ɗanɗano kai tsaye kaɗan ne, kuma albasa ce ta fi nuna su. Yajin da ke sa uwargida hawaye daga farar wuta yake, wadda albasa ke zuƙa daga ƙasa. Shi ya sa albasar Vidalia ta jihar Jojiya a Amurka, da ake nomawa a rairayi mai ƙarancin farar wuta, ake iya gatsa ta kamar gwaiba.

Jigawa, fadama da abin da ke tsakaninsu

Manomin Zurmi bai buƙaci ɗakin gwaji ba kafin ya raba ƙasarsa. Jigawa mai rairayi ta gero da wake da gyaɗa ce. Jangargari mai ɗan nauyi ta dawa da auduga. Fako, wanda ruwa ke bi ta kansa ya wuce, sai an sha wahala. Fadama kuwa ta shinkafa da rake ce, da rani kuma ta albasa da tumatir da tattasai.

Wannan rabo yana da tushe a ƙarƙashin ƙasa. Ta kudu da gabas, tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ya ɓullo fili a Kwatarkwashi. Idan ya marmashe yakan ba da tsakuwa da jar ƙasa. Kana yin arewa maso yamma wajen Shinkafi da Isa, sai ka shiga shimfiɗar yashi ta kwarin Sakkwato. Gulbin Gagare da ya ratsa ta Ƙaura Namoda da gulbin Bunsuru da ya biyo ta ƙasar Zurmi suna kwasar garin dutsen can sama, su zube shi a fadamu a kan hanyarsu ta zama gulbin Rima. Duk ambaliyar da ta kwanta ta janye, sabon taki ta bari.

Ko cikin fadama ɗaya ba a taru an zama ɗaya ba. Bakin gulbi, inda ruwa ke da gudu, yashi ke zama. Can baya inda ruwa ke yin kwanaki, baƙar laka ce mai dararrashewa da rani. Albasar da ta fito a gauraye tsakanin biyun takan yi ƙwari. Ta cikin laka tsantsa takan sha ruwa fiye da kima. Daidai da labarin tsakiyar tudun Burgundi, sai dai a kwance.

Gyaɗa ma shaida ce. Furenta a sama yake, amma sai ya soka tsinke cikin ƙasa kafin ya yi ƙwaya, don haka ƙasa mai taushi take so. Wannan dacewa ta jigawa da gyaɗa na cikin abin da ya jawo layin dogo daga Zariya ta Gusau har Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da taba.

Hunturu ne gwanin

Damina a nan gajeriya ce, kusan daga Yuni zuwa Satumba. Ita ke cika rumbu, amma kayan miya masu daraja 'ya'yan hunturu ne. Da rana ganye na haɗa sukari. Da dare, idan akwai zafi, shuka na ƙone wani kaso nasa wajen numfashi. Daren Disamba da Janairu mai sanyi na rage wannan asara, shi ya sa rake ke zaƙi, tumatir ke riƙe fure. Bazara na shigowa, dare ya ɗumame, furen tumatir sai ya kakkaɓe. Bushewar iska kuma na hana cututtukan ganye sakat. Hatta ƙurar da muke tsinewa tana da rana: daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke ɗauko ta, tana yayyafa wa gonaki sinadaran da shuka ke so. Wannan yanayi ne ya sa inabin ci ya karɓi ƙasar Hunƙuyi da Kudan kusa da Zariya.

Hannun manomi

A ganina nan ne ake yawan rage wa manomi haƙƙinsa. Mutum biyu na iya maƙwabtaka a fadama ɗaya, ɗaya ya labta takin zamani ya yi ta ban ruwa har ranar haƙa, ya samu manyan albasa masu cika buhu da saurin ruɓa. Ɗayan ya sa takin gida, ya yanke ruwa idan ganye ya fara kwanciya, ya bar wuya ya bushe. Attaruhu ma idan ya ɗan ji ƙishi ya fi yaji. Sanin lokacin da za a hana shuka ruwa ilimi ne da ɗa ke koya a bayan ubansa, kuma shi ne rashin tsaro ke ci a ɓoye: gonar da aka gudu aka bari shekara uku a Zurmi ko Shinkafi za ta iya farfaɗowa, amma dattijon da ya san halin kowane lungunta, idan ya ƙare a gudun hijira, ya tafi da saninsa.

Ina sunan yake zuwa?

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. Albasar Galmi mai ruwan makuba ta yi suna daga Abijan har Akara, kuma an yi mata rajistar sunan wuri a OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka, wadda ta fara irin wannan rajista a 2013 da masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru da kofin Ziama-Macenta na Gini. A Kebbi, albasar Aliero ta kafa sunanta da bakin 'yan kasuwa kawai.

Kayan arewacin Zamfara kuwa sunansu a bakin mota yake tsayawa. Dillali ya san fadamar, ya biya kuɗinta daidai, sannan a juye mai kyau da marar kyau a buhu iri ɗaya. Idan motar ta sauke a kasuwar Mile 12 ta Legas, mai saye abu ɗaya ya sani: albasar Hausa ce.