Baƙin Allon da Ya Ƙi Jin Magani a Fakku

Kwamfutar ba ta mutu ba, wannan ne ya fi ɗaure wa kowa kai. Tana kunnuwa, tana buga takarda, tana buɗe duk abin da aka ce ta buɗe. Amma hoton da ke fuskarta ya ɓace, allon ya koma baƙi ƙirin, sai ɗan rubutun Turanci a kusurwar ƙasa ta dama, mai cewa Windows ɗin da ke kanta ba na gaskiya ba ne. Mai ita ɗan yayata ne, yana da ɗan shago a Fakku, cikin Ƙaramar Hukumar Kebbe, inda yake buga wa mutane katin ɗaurin aure da takardun makaranta da na neman aiki. Da ita yake ci, da ita yake sha.

"Kawu, wagga magana ƙarya ce," in ji shi. "Da Windows na gaskiya na saye ta a Sakkwato. In na mayar da hoton sai ya zauna, in na juya na dawo ya sake tafiya."

Wuta aka fara zarga, domin shagon tsakanin sola da janareta yake rayuwa. Amma wuta in ta yi ɓarna, caja take ci, ko batir, ko ta ƙona wani abu a ciki. Muka buɗe hoton wani ango da aka kawo a saka a kati, jar hularsa da shuɗiyar babbar rigarsa suka fito tsaf. Gilashin allon lafiyarsa ƙalau.

Sai zargi ya koma kan ƙwayar cuta, tunda filashin kowa shiga take yi. Aka bincika, aka sami 'yan kaɗan, aka share. Baƙin allo yana nan, rubutun ma yana nan.

Agogo ne ya ba mu haske na farko. Muka mayar da hoton muka duba lokaci. Awa guda na cika ya ɓace. Muka sake, awa guda ya sake ɓacewa. Lalacewa ba ta da irin wannan tsari. Abin da ke zuwa a kan ƙa'ida, da gangan aka tsara shi. Na tambaye shi wa ya taɓa na'urar kwanan nan.

Ashe da Windows 10 ya saye ta. Nauyi ya ishe shi, tsohuwar firintarsa kuma ta ƙi aiki da ita. Ya kai ta wajen wani mai gyara a Tambuwal, shi kuma ya ce masa da tsohuwar zuma ake magani, ya share Windows 10 ya ɗora Windows 7. Na ce ya ɗauko littafin da yake rubuta kuɗin shiga da fita. Daga ranar da ya biya kuɗin gyaran zuwa ranar da allon ya yi baƙi, kwana 30 ne cif.

Haka Windows 7 take. Tana yarda a ɗora ta ba tare da an saka mabuɗin lasisi ba, wato lambar nan mai haruffa da alƙaluma 25, ta ba mutum wa'adin kwana 30. In wa'adin ya cika ba a tabbatar da ita ba, sai ta baƙanta allon, kuma ko an sauya hoton, bayan awa guda ta mayar da shi baƙi. Mai gyara ya tsallake wurin saka lambar, wata guda kuma komai ya tafi daidai, shi ya sa babu wanda ya tuna da shi.

To ina mabuɗin da aka sayo na'urar da shi? Muka kifa ta, muka cire batir, muka duba ko'ina. Babu sitikar lamba. Nan ran yaron ya ɓaci, ya ce mai shagon Sakkwato ya ɓamɓare ta ya sayar wa wani. Na ce ya dakata, kada ya ɗauki alhakin mutum. Kwamfutocin zamanin Windows 7, wadda ta fito a 2009, su ne ake liƙa wa sitikar lamba a ƙasa. Daga Windows 8 a 2012, manyan masu ƙera kwamfuta suka koma rubuta mabuɗin a cikin babban allon da ke cikin na'urar, inda ido ba ya gani. Mabuɗinsa yana nan, babu wanda ya sata.

Tambaya ta ƙarshe ta fi wuya: in yana nan, me ya hana shi buɗe Windows 7? Lasisin da ke zuwa da na'ura na Windows iri guda ne, kamar takardun babur, lambar inji guda aka rubuta a kansu, ba sa hawa kan wani babur ko da ya fi shi tsufa. Kamfanin Microsoft ya bar ƙofa guda ta komawa baya, amma ƙunƙuntacciya ce. A da, wanda na'urarsa ta zo da Windows 10 Pro yana da izinin sauka zuwa Windows 8.1 Pro ko Windows 7 Professional. Mai Windows 10 Home ba shi da wannan izini. Ko mai Pro ɗin ma, sharaɗin shi ne kamfanin yana ci gaba da tallafa wa tsohuwar manhajar, alhali tallafin Windows 7 ya ƙare tun 14 ga Janairun 2020.

Saura hujja. Muka kwashe takardun mutane zuwa wani filashi, muka sake ɗora Windows 10. Ba ta tambayi lamba ba, ba ta ce mu zaɓi iri ba. Da kanta ta karanta mabuɗin da ke cikin babban allon na'urar ta sauka a kan Home, ana haɗa ta da intanet kuma ta nuna an tabbatar da ita. Mai shagon Sakkwato ya yi gaskiya, rubutun kusurwa ma ya yi gaskiya: na'urar tana da lasisi, abin da aka ɗora mata daga baya ne ba shi da shi.

Kafin mu kai nan, mai gyaran ya ce a dawo da ita ya saka wata 'yar manhaja da ke fasa makullin, rubutun ya ɓace cikin minti biyar. Ban yarda ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haɗa da manhajar kwamfuta, kuma abin wani abin wani ne ko mai shi yana Amurka. Ban da wannan, a cikin na'urar akwai lambobin NIN na mutanen gari, da sakamakon jarrabawar 'ya'yansu, da hotunan iyalansu. Amana ce. Manhajar fasa makulli sai an ba ta iko a kan komai take aiki, kuma babu wanda ya san abin da ta shigo da shi. Ita kanta Windows 7 ma tana da haɗari: harin ƙwayar cutar WannaCry na Mayun 2017 galibi kwamfutoci masu Windows 7 ya kama, a lokacin ma ana tallafa mata. Chrome kuma ya tsaya mata a siga ta 109 tun farkon 2023, mai cike wa ɗalibai fom a intanet zai yi ta karo da shafukan da ba sa buɗewa daidai.

Nauyin da ya jawo duk wannan ba daga Windows 10 yake ba. Tsohon faifan ajiya ne mai juyawa, da RAM na gigabait 4. Aka saka faifan SSD aka ƙara RAM, ta sake. Firintar kuma direbanta ne, wato manhajar da ke sarrafa ta, ba a saka ba, aka sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Ita ma Windows 10 tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka wanda na'urarsa ba ta iya ɗaukar Windows 11 ya fara tunanin Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma halal.

Kira na ga masu gyara a Tambuwal da Kebbe da Sakkwato: ku duba irin lasisin da ke kan na'ura kafin ku share ta, ku gaya wa mai ita gaskiya. Kai kuma mai kwamfuta, kafin ka miƙa ta, ka tambaya: me za a ɗora, da wane lasisi, kuma ina za a ajiye takardun mutane? In ba ka sami amsa ba, ɗauki kayarka ka yi gaba.