Kafin a Buɗe Ƙofa: Aikin da Ba Mu Gani a Laburaren Tamale

Akwai wata ɗalibata a aji uku na ƙaramar sakandare, gidansu na nan bayan kasuwar Aboabo, inda mahaifiyarta ke sayar da man kaɗanya. Gidan haya ne irin namu: rediyo a wannan ɗaki, kukan jariri a wancan, ga masu daka a tsakar gida. Da jarrabawar BECE ta ƙarato, na ce mata ta riƙa tafiya babban laburaren Jihar Arewa da ke cikin gari ta yi karatunta a can. Ta je, ta samu wani littafin lissafi da ya yi mata daidai. Sai ta ga ba ita kaɗai ke nemansa ba. Da za ta tashi, sai ta ɗauke shi daga wurinsa ta cusa shi bayan littattafan tarihi, wai ta dawo gobe ta same shi.

Washegari ta zo, babu littafi a maɓoya. Yana hannun wani yaro da ya riga ta zuwa. Ta sake ɓoyewa a wata kanta daban, aka sake. Bayan na uku ta same ni a makaranta ranta a ɓace: "Masta, wallahi wurin nan akwai aljanu."

Na yi dariya, amma ni ma ban taɓa tambayar kaina ba. Tun ina Kwalejin Horar da Malamai ta Bagabaga nake shiga laburaren nan, ina miƙa hannu ina ɗaukar abin da nake so, ban taɓa tunanin wa ya ajiye shi a wurin ba. Gani ya kori ji. Da aka yi hutu na nemi izini na yi sammako, na zauna a gefe ina kallon yadda ma'aikatan ke yininsu.

Aljanun dai mutane ne, kuma da tsumma suke farawa. Wanda ya san hunturun Tamale ya san abin da nake nufi: ka share tebur da daddare, da safe ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Ƙura ba ƙazanta kawai ba ce ga littafi, tana busar da takarda, tana cin ɗinkin baya. Bayan shara da goge-goge sai a kwashe duk littattafan da masu karatu suka bari a tebur jiya, a mayar da kowanne gidansa. Daga nan sai aikin da ya tona asirin ɗalibata: ma'aikaci ya bi kanta ɗaya bayan ɗaya, yana karanta lambar da ke manne a bayan kowane littafi, ya tabbatar tana bin ta gabanta.

Lambobin nan ba ado ba ne. Tsari ne da wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fito da shi a 1876, ya raba ilimi gida goma. Lissafi yana 510. Musulunci yana 297. Tarihin Gana yana 966.7. To littafi mai lamba 510 da ya kwana a tsakiyar 900, ga idon da ya saba, kamar akuya ce a cikin garken shanu. Wata ma'aikaciya, babba ce, ta kusa kai shekarun yayata, ta gaya mini cewa littafin da aka sa ba a wurinsa ba daidai yake da wanda aka sace, domin yana cikin gini amma babu mai iya samunsa. Shi ya sa ma sun fi son mai karatu ya bar littafi a tebur da ya yi musu taimakon mayarwa. Na ji kunya, don ni ma na sha yi musu irin wannan taimakon.

Akwai kuma ɗakin baya, wanda mai karatu ba ya gani. Sabon littafi, ko hukuma ce ta turo daga Ankara ko kyauta ce daga ƙungiyoyi irin su Book Aid International, ba ya tashi daga kwali ya hau kanta kai tsaye. Sai an shigar da shi rajista an ba shi lambarsa ta kansa, an buga masa hatimi, an manna lambar baya, an sa takardar da ake rubuta ranar dawowa. Kwali ɗaya na iya cinye yini. A gefe kuma ga marasa lafiya an jera: wanda bangonsa ya cire, wanda yaro ya yage shafi uku daga tsakiyarsa don kada ya sha wahalar kwafa, wanda ruwan sama ya doka a jakar mai aro. Gam, zare, almakashi. Wasu su warke su koma bakin aiki, wasu a cire su daga lissafi.

Cirewar nan ita ta fi ba ni wuya, kuma na faɗa musu. Mu da muka tashi a Zango an koya mana takarda mai rubutu ba a wulaƙanta ta. Ko a hanya ka gani, ka ɗauka ka ɗaga. Amma da aka nuna mini littafin koyon kwamfuta da ke bayanin na'urorin da ko a bola ba ka samu yanzu, na yi shiru. Kanta tana da iyaka. Idan tsohon da ba ya amfanar kowa bai sauka ba, sabo ba shi da wurin zama. Kuma littafin da gara ko kyankyaso ya shiga, in ba a raba shi da 'yan'uwansa da wuri ba, duk layin zai bi.

Su wane ne ma'aikatan? Kaɗan ne daga cikinsu suka karanci aikin laburare a jami'a. Sauran mataimaka ne, da masu kula da kwamfutoci, da direba, da mai gadi, da masu shara, sai kuma 'yan hidimar ƙasa. Waɗannan na ƙarshe su ne labarin ma'aikata da ke maimaita kansa kowace shekara, a laburare da makarantunmu duka: su zo ba su san komai ba, a koya musu, su fara gane kan aiki har yara su saba da su, sai shekara ta cika su tafi, a kawo wasu a sake daga farko. Mu malamai mun san wannan ciwon. Haka ma canjin wurin aiki. Ma'aikacin da ya daɗe a wuri ya san wane yaro ne ba ya iya karatu amma yana jin nauyin faɗa, ya san wane dattijo ke zuwa don jarida kawai. Wannan sanin ba ya shiga takardar miƙa aiki.

Aikin ba sabo ba ne a ƙasar nan, ko da yake yawancinmu ba mu san asalinsa ba. A 1946 wani bishop na cocin Angilika a Ankara, John Aglionby, ya ba da fam dubu ɗaya don a kafa laburare. A Janairun 1950 hukumar laburare ta Gwal Kwas ta fara aiki, tun kafin samun 'yancin kai, kuma tana cikin na farko irinta a Afirka kudu da Sahara. Shugabarta ta farko, Evelyn Evans, 'yar Ingila, ta yi fama da tambayar da har yau ba a gama amsawa ba: yaya littafi zai isa ga wanda ke nesa da birni? Amsarsu a lokacin ita ce akwatin littattafai da ake aikawa ƙauyuka da makarantu a musanya bayan wani lokaci, sai kuma motar laburare. A nan Arewa tambayar ta fi nauyi. Kafin ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 2018, wadda ta fitar da jihohin Savannah da Arewa maso Gabas, tun daga Bole har Nalerigu duk Jihar Arewa ce, kuma Tamale ce hedkwatarta.

Da rana ta yi, aikin ya sauya kama. Yaran firamare suka cika ɓangarensu bayan an tashi makaranta, manyan ɗalibai suka kama kujerun ɗakin nazari, wasu suka yi layin kwamfuta. A nan ma'aikaci ya koma rabin malami rabin ɗan sanda. Na ga saurayi ya zo cike takardar neman makaranta ta intanet bai san inda zai fara ba, aka zauna da shi. Na ga an raba rigimar kujera. Laburaren nan kuwa ya taɓa yin abin da ba kowa zai zata daga laburare ba: wajajen 2012, tare da ƙungiyar Savana Signatures da tallafin EIFL, an yi shirin aika wa mata masu juna biyu saƙonnin kula da lafiya ta waya. Hukumar ta ƙasa kuma ta ayyana 2019 shekarar karatu, ta fito da manhajar da za ka karanta littattafai a wayarka, sannan a 2021 ta ci kyautar laburaren shekara a bikin baje kolin littattafai na Landan. Na tambayi abokan aikina shida a ɗakin malamai ko sun san da wannan kyauta. Ko ɗaya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa, sai dab da tashi na gan shi. Kafin a rufe, ana ƙirga: mutum nawa suka shigo, yara nawa, manya nawa, littafi nawa aka ara, daga wane fanni, sabbin masu rajista nawa. Kamar kowane ofishin gwamnati, waɗannan alƙaluma su ake tarawa a rahoto a tura sama, kuma da su ma'aikaci ke kafa hujja in zai nemi ƙarin littattafai, ko kujeru, ko ƙarin hannu. Abin da ba a nema ba, ba ya fitowa a rahoto. Wanda bai yi rajista ba, a wurin lissafi babu shi.

To mu fa, mutanen Aboabo da Zango da Sabonjida, muna cikin lissafin? Ina shakka. Da yawa daga iyayen ɗalibaina suna ɗauka wurin na 'yan boko ne masu manyan takardu, ko kuma sai da kuɗi mai yawa ake shiga. Wasu ba sa barin 'ya mace ta je, wai ba su san me ake yi a can ba, amma suna aikenta talla har bayan magariba. Ban faɗi wannan don cin fuska ba, ni ma ɗan unguwar ne.

Ga kuma batun harshenmu. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa, kasuwannin ƙasar nan daga Bawku har Nima da Hausa ake ciniki, amma Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da Hukumar Harsunan Gana ke buga littattafai da su. Dagbanci na ciki, Gonja na ciki, kuma madalla da hakan. Ma'anarsa ita ce littafin Hausa ba shi da hanyar gwamnati da zai bi ya iso kanta a ƙasar nan. Magana Jari Ce na Abubakar Imam da na karanta ina yaro, kawuna ne ya sayo shi daga Kano tare da kayan fatauci, kuma yawancin littattafan Hausa da ke gidajenmu ta wannan hanyar suka zo. Ma'aikacin laburare ko yana so ya ajiye su, daga ina zai samo, kuma da wace hujja zai nema in babu wanda ya taɓa tambaya?

Abin ya fi ciwo in ka tuna mu ba baƙin littafi ba ne. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga har yaƙin 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi ya rasu a can a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausa ta ajami waɗanda masana ke nazari har yau. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta bi gidajen malamai a Arewa tana ɗaukar kwafin irin waɗannan takardu, shi ya sa da yawa suka tsira. Waɗanda ba a kai gare su ba suna nan a akwatunan ƙarfe ƙarƙashin gado. Na san gida a unguwarmu da aka buɗe akwatin kakansu bayan shekaru, aka tarar gara ta mayar da rabin kundin ƙasa. Akwatin ba shi da mai goge masa ƙura kowace safiya, ba shi da rajista, babu wanda ya san me ke ciki balle ya san me ya ɓata.

Ba ina cewa a kwashi kundin kakanni a kai wa gwamnati ba; na san ba mai yarda, kuma akwai dalili. Amma mutanen da suka san yadda ake kare takarda daga ƙura da gara da laima suna nan cikin gari, kuɗin yelo-yelo ɗaya daga bakin kasuwa, kuma tambaya ba a biya. Makarantun Islamiyyarmu na iya kai ɗalibai aji-aji su yi rajista. Ƙungiyoyin matasan Zango da ke tara kuɗin wasan Sallah na iya sa ɗan kasuwa mai zuwa Kano ko Zariya ya sayo littattafan Hausa kwali ɗaya, a je a zauna da shugaban laburaren a ji ƙa'idarsu ta karɓar kyauta, don ba kowane abu ake ɗorawa a kanta ba.

Da aka koma makaranta na kai ajina gaba ɗaya wata ranar Juma'a da safe, mu talatin da wani abu, a ƙafa. Ma'aikaciyar nan ta zagaya da su, ta nuna musu yadda ake bin lamba. Ɗalibata ta tsaya can baya tana ɓoye fuska da mayafi. Matar ta gane ta sarai, don ashe tun ɓoyo na biyu suka san mai yi. Ba ta ce mata komai a kai ba. Ta dai kira ta, "Zo nan, 'yata," ta ba ta littattafai biyar daga tebur ta ce ta mayar da kowanne wurinsa. Huɗu ta sa daidai.